Neman shawara: tsara birane zan karanta ko harkar ƙananan hukumomi?

Ɗan Autan Inna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama sakandare bana, Allah Ya taimake ni na samu kiredit a Turanci, Lissafi, Jogirafi, Ikonomiks da Fiziks, yanzu fom ɗin JAMB ne a gabana. Garinmu yana gefen birnin Kano. Ina yaro gonaki ne kewaye da mu, yau duk an yanka an sayar. Mota ba ta shiga layinmu, idan aka yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta wuce kwanar lungu, kuma duk watan Agusta ruwa kwana yake a tsakar gidaje tun da aka cike kududdufin da yake zuba a ciki aka yi gini a kansa. Abin yana ci mini rai, shi ya sa nake son aikin da zai hana a maimaita haka a wuraren da ba a gina ba tukuna. Yayana ya ce in cike kwas ɗin tsara birane, URP. Wani malaminmu kuma ya ce tunda ƙaramar hukumarmu nake son yi wa aiki, in nemi kwas ɗin ƙananan hukumomi da raya al'umma. Wanne ne zai kai ni inda nake so? Shekara nawa ake yi, kuma in an gama ana samun abin yi? Allah Ya saka da alheri.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam ɗana. Duk abin da ka lissafa, matsatstsen lungu da rashin magudanar ruwa da gini a kan kududdufi, aikin mai tsara gari ne, saboda haka URP za ka cike. Sana'a ce mai rajista kamar ta injiniya ko safiyo. Wanda ya karanta harkar ƙananan hukumomi zai iya zama ƙwararren ma'aikacin mulki, amma ba shi da hurumin sa hannu da hatimi a taswirar fulotai. Kai kuwa in ka riƙe URP, babu abin da zai hana ka aikin raya al'umma daga baya.

Digirin shekara 5 ne in ka shiga ta JAMB. Ana yin sa a ABU Zariya, da Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da FUT Minna, da ATBU Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. Turanci, Lissafi da Jogirafi su ne ginshiƙi, na huɗun ya danganta da jami'a, wata Fiziks ko Kemistiri take so, wata tana karɓar Ikonomiks. Ka buɗe kundin JAMB ka duba sharaɗin jami'ar da ka zaɓa kafin ka cike, don kuskuren darasi ɗaya yana sa yaro ya yi asarar shekara duk da makinsa ya kai. Ka kuma tabbatar kwas ɗin yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da ta TOPREC, majalisar yi wa masu tsara birane rajista, a wannan makarantar.

Zuciyar karatun shi ne abin da suke kira situdiyo. Za a ba ku unguwa ko ƙaramin gari, ku fita da tef da takardar tambayoyi, ku ƙirga gidaje, ku auna faɗin hanyoyi, ku tsaya a mahaɗa tun safe kuna ƙirga motoci da babura da 'yan Adaidaita, ku zana yadda wurin yake, sannan ku zana yadda ya kamata ya zama, ku tsaya gaban malamai ku kare aikin. A nan ɗalibai suka fi faɗuwa, kuma ba wuya ce ke kayar da su ba, laɓewa a bayan abokan rukuni ce. Ka tanadi kuɗin buga manyan taswirori da na sufuri, suna ci. A aji huɗu akwai SIWES, wato fita koyon aiki a ma'aikata, na wata 6, ka nemi ofishin da ake fita fili, kada ka yarda da inda za a ajiye ka kana jan fayil.

Bayan bautar ƙasa sai ka shiga NITP, ƙungiyar masu tsara birane da aka kafa a 1966, ka yi aƙalla shekara 2 kana aiki a ƙarƙashin mai rajista, sannan ka zauna jarrabawa. TOPREC, wadda dokar soja mai lamba 3 ta 1988 ta kafa, ita ke ba da rajista da hatimi. Daga nan ne ake sa wa mutum Tpl., alamar mai tsara gari mai rajista, a gaban sunansa. Tun ranar farko ka riƙa ajiye kwafin kowane aikin da ka sa hannu a ciki, da kwanan wata da sunan wanda ya duba, domin shi za a tambaye ka.

Malam Na Sabon Titi:
Baban Khalifa ya gama magana a kan karatu. Ni gyara ɗaya zan yi maka, ƙanena, a kan tunanin cewa daga sakatariyar ƙaramar hukuma ake tsara gari. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma duk yankin da aka ayyana a matsayin birni, shi ke ba da takardar mallaka a cikinsa. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya ne kawai a wajen birni, ita ma da iyaka: hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Dokar tsara birane mai lamba 88 ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a matakin ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar da Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jiha ne, kuma jihohi da yawa ba su sakar wa ƙananan hukumomi wannan iko ba. Shi ya sa izinin gini a birnin Kano yake hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, a Kaduna takwararta KASUPDA, takardun fili kuma suna ma'aikatar ƙasa ko ofisoshin adana bayanan filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna.

Wannan ba yana nufin ƙaramar hukuma ba ta da abin yi ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, banɗakunan jama'a, hanyoyin cikin gari da magudanansu, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Kowanne a cikinsu yana buƙatar wanda ya san inda za a ajiye shi. Kasuwar da aka kafa a bakin babban titi ba tare da wurin sauke kaya ba, shekara 2 ta isa ta cinye titin.

Maman Ilham:
Ɗana, URP ɗin za ka yi, na yarda, amma kada a raina maka sashen raya al'umma, don nan ne taswira take haɗuwa da mutane. In kana sha'awar ɓangaren mulkin, ABU tana da sashen nazarin ƙananan hukumomi da ci gaba a harabarta ta Kongo da ke Zariya, za ka iya ƙarawa da shi daga baya.

Ga yadda aikin yake. Jami'in raya al'umma shi ke yi wa ƙungiyoyin taimakon kai da kai rajista, shi ke tsara aikin gayya, shi ne kuma gada tsakanin gari da masu kawo tallafi. Shiga gari da ƙa'ida ake yi: hakimi, dagaci, mai unguwa, liman. Wanda ya tsallake su ya tara matasa kai tsaye, aikinsa ya mutu tun ba a fara ba. Bayan gaisuwa sai taron gano buƙata, kuma ba a haɗa kowa a ƙofar fada. Maza daban, matasa daban, mata a cikin gida tare da jami'a mace. In aka haɗa, dattawa uku ne za su yi magana, a tashi da gyaran fada ko ɗakin taro, alhali matan ruwa suke nema da ɗakin haihuwa. Hanya mai sauƙi ita ce a zana kowace buƙata a ƙasa, a ba kowa tsakuwa 10 ya raba yadda yake ganin muhimmancinsu, a ƙirga a gaban kowa.

Shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya fara a 2009, a kan wannan tsari aka gina shi: gari ya rubuta jerin buƙatunsa, ya zaɓi kwamitin gudanarwa, ya buɗe asusun banki, ya kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, ko da tsabar kuɗi ko yashi da dutse da ƙwadago. Ayyukan da suka lalace daga baya, in ka bincika, abu biyu ne ya fi kashe su. Na farko fili: wani ya ce ya bayar da baki, ba a rubuta ba, ya rasu, magada suka ce nasu ne. Dole a rubuta takardar kyauta, mai fili da magadansa da mai unguwa da dagaci su sa hannu kafin a aza bulo ɗaya. Na biyu gyara: a haƙa rijiyar burtsatse, a yi bikin buɗewa, ba a tsayar da wanda zai karɓi ɗan kuɗin jarka ba, ba a koya wa kowa canza robar cikin famfo ba. Ranar da robar ta cinye, aikin miliyoyi ya tsaya a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Autan Inna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. To Baba, in ikon yana jiha, su waye suke yanka gonakin garinmu? Kuma me mai tsara gari zai iya yi a kai?

Baban Khalifa:
Awon igiya ke nan. Mai gona ko dillalin da ya saye ta ya zo da igiya da turaku, ya yanka, mai unguwa ya shaida, a rubuta takardar ciniki. Babu taswirar da hukuma ta amince da ita. Bari in yi maka lissafi ka ga dalilin da ya sa abin ya ƙi ƙarewa.

Ɗauki gona mai hekta 5, murabba'in mita 50,000 ke nan. In mai tsara gari ne, zai ware kamar kashi 25 cikin 100 don hanyoyi da magudanai, 12,500 ke nan, ya ware kamar kashi 10 don makaranta, masallaci, ɗakin shan magani da filin wasa, 5,000. Saura 32,500. In ya yanka ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, fuloti 72 zai fitar. Dillali kuwa zai bar lungu mai mita 3 ko 4, ba makaranta ba komai, ya yanka 50 da 50, ya fitar da kusan 200. Tsakanin 72 da 200 ai ka ga inda zuciyar mai gona za ta karkata. Shi ma mai saye ƙaramin yake iya biya.

Yanzu dubi abin da zai biyo baya. A ce kowane gida mutum 8, mutum 1,600 ke nan a wurin da babu aji ko ɗaya. Faɗin motar kashe gobara kusan mita 2 da rabi ne, lungun mita 3 kuma kowa zai fito da dakali, a kafa turken wuta, a ja kwata ta tsakiya. Ana so a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma fulotin 15 da 15 ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka auna mita 21 ne, kuma masan maƙwabci yana jingine da katangarka. Daga nan taifod da amai da gudawa suke samun ƙofa. Kududdufin da kake magana, yawanci ramin da aka haƙi ƙasar gina garin ne tun da, ya zama matattarar ruwan unguwa. In aka cike shi ba a yi wa ruwan wata mafita ba, gida mafi kwari shi ne sabon kududdufi.

Abin da ke aiki shi ne a riga igiya zuwa gona. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zauna da masu gonakin da ke jere da juna da dagaci tun suna shuka gero, a fitar da manyan hanyoyi da hanyar ruwa, safiyo ya kafa duwatsu, a kai taswirar hukuma ta amince. Hanyar cikin unguwa kada ta gaza mita 10 zuwa 12: kamar mita 7 na mota, lambatu mita 1 kowane gefe, sauran na turken wuta da bututun ruwa da masu tafiya a ƙasa. Kuma mai tsarawa ya sassauta girman fuloti. A waccan gonar, in ya yanka mita 12 da 20, zai samu 135 ba tare da ya taɓa hanya ko filin makaranta ba. Mai gona zai saurare ka a kan 135, musamman in ka nuna masa fulotin da mota ke zuwa ƙofarsa ya fi tsada. A ganina nacewa a kan manyan fulotai irin na GRA yana cikin abin da ya tura talaka hannun masu igiya.

Akwai tazarar da ba a sassautawa ko kaɗan. Layin wuta mai 330kV ana bar masa mita 50, wato 25 kowane gefe, mai 132kV mita 30, mai 33kV da 11kV mita 11. Titin gwamnatin tarayya mita 45.72 daga tsakiyarsa kowane ɓangare. Wanda ya saya a ciki, rusau yake jira.

A unguwar da ta riga ta ginu irin taku, lambatu ake fara nema wa hanya, kuma daga mafitar ruwa ake farawa a hauro, ba daga ƙofar gidan wanda ya fi ba da kuɗi ba. A sa na'urar awon gangare, a samu saukar kamar santimita 1 a kowace mita 2. Lambatun da aka gina da ido, ruwa kwanciya yake a cikinsa ya zama gidan sauro.

Injiniya Ba Hutu:
Ƙanena, ƙari kaɗan. Yanzu duk inda ka je neman aiki, tambayar farko ita ce ko ka iya GIS, wato sarrafa taswira da bayanan wuri a kwamfuta. Kada ka jira aji uku. Manhajar QGIS da ake wannan aikin da ita kyauta ce, kwamfuta mai RAM 8GB ta ishe ka farawa. Ka haɗa da AutoCAD don zanen fulotai, da Excel, da KoboToolbox don tattara bayanai da waya. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne haɗa ma'auni biyu na ɗora wuri a taswira: tsofaffin takardun safiyo a kan ma'aunin Minna suke, waya da Google Earth kuma WGS84. In ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba ka juya ba, fili zai goce da gomman mitoci, ka ga fulotin mutum ya hau titi a kwamfuta alhali a ƙasa lafiyarsa ƙalau. Ka kuma san shiyyarka ta UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya: Kano 32 take, Sakkwato 31, Maiduguri 33. GPS ɗin waya na ƙirga rijiyoyi da makarantu ne, ba na kafa iyakar fili ba, wannan aikin safiyo ne mai rajista.

Alhaji Mai Fayil:
A kan samun aiki zan yi magana, gaskiya tsakani da Allah. Guraben gwamnati ba su da yawa. A ƙaramar hukuma, daga matakin albashi na 07 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, ba ciyaman ba, kuma tana iya yi maka canjin wuri zuwa ko'ina a cikin 44 ɗin Kano. Mai digiri a mataki na 08 yake farawa, galibi a sashen ayyuka, ɓangaren filaye, ko sashen tsare-tsare da ƙididdiga. Albashin na rufin asiri ne. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, zai iya buɗe ayyuka in an aiwatar da shi yadda ya kamata, amma kada ka gina rayuwarka a kansa.

Sauran wuraren su ne hukumomin tsara birane na jihohi, ma'aikatun ƙasa da muhalli, FCDA, hukumar raya babban birnin tarayya, a Abuja, kamfanonin gina rukunin gidaje, ƙungiyoyin agaji masu aikin ruwa da tsafta da tsugunar da 'yan gudun hijira, da koyarwa. Mai rajista kuma yana iya buɗe ofishinsa, ya riƙa zana fulotai da rubuta rahoton nazarin fili da ake nema kafin a ba da izinin gidan mai, makaranta ko rukunin shaguna.

Abin da ba a koyarwa a aji shi ne matsin lamba. Za ka je ka ga gini a kan hanyar ruwa, ka ba da takardar dakatarwa, ka sa jan fenti, kafin ka koma ofis waya ta riga ka. Wani kuma ambulan zai miƙo maka. Kariyarka ita ce rubutu: hoto mai kwanan wata, kwafin takardar da ka bayar, da ra'ayinka a cikin fayil da sa hannunka. In na sama ya ce a bari, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta. Filin makaranta da na maƙabarta da ake yankowa a mai da su shaguna, da sa hannun wani ma'aikaci ake yi, kuma ranar da aka kafa kwamitin bincike sunan da ke kan takarda ake kira.

Yaya Babba:
In makin JAMB bai kai ba kada ya zauna a gida. Kaduna Polytechnic da wasu kwalejojin suna yin difloma ta shekara 2 a wannan fanni, kuma 'yan poli sun fi saurin iya zane da aikin fili.

Baban Khalifa:
Haka ne, amma da sharaɗi. In ya bi ta nan, ya dage ya fita da sakamako mai kyau ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wanda ya tsaya a HND, wato babbar diflomar poli, yana iya samun rajista, sai dai hanyarsa ta fi tsawo, sai ya ƙara da jarrabawar ƙwararru mataki-mataki ko difloma ta gaba da digiri, kuma a wurare da yawa ƙarin girmansa yana tsayawa kafin na mai digiri.

Ɗan Autan Inna:
Na fahimta, URP zan cike in sha Allah. Kafin sakamako ya fito, akwai abin da zan fara yi?

Maman Ilham:
Akwai. Ka je ka gaida mai unguwarku ka gaya masa niyyarka, ka nemi izini. Ka samo tef mai mita 30 da littafi, ka auna faɗin kowane lungu a wuri uku, baki da tsakiya da ƙarshe. In damina ta zo, ka fita bayan an ɗauke ruwa ka bi shi da ƙafa, ka ga daga ina yake zuwa, ina yake tsayawa, ka auna shaidar da ya bari a jikin katanga. Ka zauna da tsofaffin unguwa su nuna maka inda ruwan yake bi kafin a yi gini, wannan ba ya cikin kowace taswira. Sannan ka buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya, ka duba shekarar da kududdufin ya ɓace da gonakin da suka rage a bayan gari. Ka rubuta sunayen masu gonakin nan ka ajiye, su ne mutanen da za a fara zama da su.